BABI NA UKU: AƘIDAR TASHIN MATATTU DA SHA'ANIN GAWA A WURIN KIRISTOCIN FARKO (50 – 430 MILADIYYA)

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai dubi yadda aƙidar Kiristoci game da mutuwa da tashin matattu ta ginu a tsawon shekaru kusan 400 na farko, wato tun daga wasiƙun Bulus Manzo a wajen shekarar 50 har zuwa rasuwar Agustin, bishop na Hiffo, a shekarar 430. Abin da ya ja hankalin mai wannan nazari shi ne wani al'amari mai kama da tufka da warwara. Malaman ikilisiya sun dage a kan cewa duk abin da aka yi wa gawa, ko ƙonawa ko jefawa a kogi, ba zai hana Allah ta da ita ba. Amma kuma mabiyansu sun yi suna wajen ɗawainiya da gawa da kabari, har abokan gabarsu ma suka yi musu wannan shaida. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa aƙidar ta ginu ne sannu a hankali, kuma kusan kowane mataki da ta taka, wata mutuwa ce ta zahiri ko wata gawa ce ta tilasta wa malamai yin bayani.

Ya kamata a lura cewa kalmar "ikilisiya" a nan tana nufin jama'ar masu bi, ba ginin da ake sujada a ciki ba. Haka kuma "tashin matattu" daban yake da "dauwamar rai". Na farko yana nufin dawowar mutum da jikinsa bayan ya mutu, na biyu kuwa yana nufin rai ya ci gaba da wanzuwa bayan jiki ya ruɓe. Kusan duk muhawarar da za a gani a babin nan a kan wannan bambanci ta ta'allaƙa.

3.1 Tushen Aƙidar a Wurin Yahudawa

A mafi yawan littattafan Tsohon Alkawari, makomar mamaci ita ce Sheyol, wani wuri mai duhu da shiru inda nagari da mugu suke tare. Wurin da aka fi fito da maganar tashin matattu fili shi ne sura ta 12 ta littafin Daniyel, wanda akasarin masana tarihi suke ganin an kammala shi a wajen shekarar 165 kafin Miladiyya. A wannan lokaci sarki Antiyokus na IV yana gallaza wa Yahudawa, ya hana su bin shari'arsu. Littafin Makabiyawa na Biyu ya kawo labarin wata uwa da 'ya'yanta bakwai da aka kashe ɗaya bayan ɗaya, suna miƙa gaɓoɓinsu ga masu azabtarwa da imanin cewa Allah zai mayar musu da su. Ke nan tun daga tushe maganar tashi magana ce ta adalci: jikin da aka zalunta, shi ne za a saka wa.

Ba dukkan Yahudawa ne suka yarda da haka ba. Farisiyawa sun yarda, Sadukiyawa sun ƙi. Sabon abin da Kiristoci suka zo da shi shi ne cewa tashin da ake jira a ƙarshen zamani ya riga ya fara da mutum ɗaya, wato Yesu Almasihu, wanda suka yi imani an gicciye shi a zamanin mulkin Bilatus (26 – 36), ya kuma tashi a rana ta uku.

3.2 Bulus da Tambayoyin Tasalonika da Korinti

Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa, wadda aka rubuta a wajen shekarar 50 ko 51, ita ce masana da dama suke ɗauka rubutun Kirista mafi daɗewa da ya iso gare mu. Abin lura shi ne tun a cikinta an fara fama da matsalar mutuwa. Masu bi na Tasalonika suna sa ran dawowar Almasihu a zamaninsu, sai ga shi wasu daga cikinsu sun rasu kafin ya dawo. Shin waɗannan sun yi asara ke nan? A sura ta 4 Bulus ya amsa da cewa matattu masu bi su ne za su fara tashi, sannan a haɗa su da rayayyu. Bai hana su baƙin ciki ba, abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na wanda ba shi da sa zuciya. A wannan wuri Bulus ya lissafa kansa cikin waɗanda za su kasance da rai a ranar, wanda ke nuna irin kusancin da ake ganin al'amarin yana da shi.

Matsalar Korinti kuwa ta fi zurfi. A cikin ikilisiyar kanta aka sami masu cewa babu tashin matattu. Ba abin mamaki ba ne, domin kuwa a tunanin Girkawa masu bin falsafar Aflatun jiki kurkukun rai ne, mutuwa kuwa kuɓuta ce. Wane fursuna ne zai yi murna idan aka ce masa za a mayar da shi kurkuku? Littafin Ayyukan Manzanni ma ya ruwaito cewa a Atina an saurari Bulus har sai da ya ambaci tashin matattu, sannan wasu suka fara yi masa ba'a. A sura ta 15 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa (wajen 53 – 55), Bulus ya ɗaure aƙidar gaba ɗaya a kan tashin Almasihu, yana cewa idan wannan bai faru ba to bangaskiyarsu banza ce. Ya kira Almasihu nunan fari, kamar tumun gero da ake fara karyowa kafin girbi ya kankama. Da aka zo kan tambayar wane irin jiki ne zai tashi, sai ya kawo misalin iri: abin da ake shukawa da abin da ke tsirowa abu ɗaya ne, amma kamanninsu daban. Jikin da zai tashi ya kira shi jiki na ruhu, ya kuma ce nama da jini ba za su gaji mulkin Allah ba. Wannan magana ta ƙarshe ta ba malaman baya wahala ƙwarai, domin masu musun tashin jiki da ita suka riƙa kafa hujja.

3.3 Tokar Liyon

A shekarar 177, zamanin sarki Markus Oriliyas, aka far wa Kiristocin birnin Liyon da ke ƙasar Faransa ta yau. Labarin ya zo a cikin wata wasiƙa da waɗanda suka tsira suka aika wa 'yan'uwansu na Asiya Ƙarama, wadda Yusibiyas na Kaisariya ya adana a kashi na 5 na littafinsa na tarihin ikilisiya. Bishop ɗinsu Fotinus, dattijo mai fiye da shekara 90, ya mutu a kurkuku bayan ya sha duka. Wata baiwa mai suna Bilandina ita ce ta ƙarshe da aka kashe a dandalin wasa. Amma abin da ya shafi wannan nazari shi ne abin da ya biyo bayan kisan. An bar gawawwakin a fili kwana shida, sojoji suna gadi don kada a binne su, ba a karɓi roƙo ba, ba a karɓi kuɗi ba. Daga nan aka ƙone su ƙurmus aka share tokar zuwa cikin kogin Ron. Wasiƙar ta ce an yi haka ne da gangan don a yanke musu fatan tashi, wai a ga ko Allahnsu zai iya ceton su.

Wannan ya nuna cewa mahukunta da jama'ar gari sun fahimci inda ƙarfin zuciyar Kiristoci yake, suka kuma kai hari daidai wurin. A wajen wannan lokaci ne wani masanin falsafa mai suna Selsus ya rubuta littafi yana sukar addinin, inda ya kira fatan tashin jiki fata irin na tsutsotsi. An kuma riƙa jefa wa Kiristoci wata tambaya mai sarƙaƙiya: idan mutum ya nutse a teku kifi ya cinye shi, wani mutum kuma ya ci kifin, to ran tashi naman na wa zai zama? Tambayar ta yi kama da ba'a, amma malamai ba su ɗauke ta da wasa ba. Wata maƙala da ake jingina wa Atenagoras na Atina ta amsa da cewa jikin mutum ba ya narkar da naman mutum ya zama nasa, amsar da ko a wancan zamani da wuya ta gamsar da mai tambaya.

Wanda ya gaji Fotinus shi ne Iraniyas, kuma a wajen shekarar 180 ya rubuta babban littafinsa na raddi ga masu bidi'a, ya keɓe kashi na 5 ga tashin nama. Hujjarsa ita ce Allahn da ya halicci mutum daga ƙasa tun babu shi, ba zai kasa tattara shi ba bayan ya warwatse. Game da maganar Bulus kan nama da jini, ya fassara ta da cewa ana nufin mutumin da ba shi da Ruhun Allah, ba naman jiki ba. Bayansa Tatuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya yi littafi sukutum a kan mas'alar a wajen shekarar 210. A ganinsa jiki ne aka yi wa baftisma, shi ya yi azumi, shi ya sha bulala, saboda haka ba adalci ba ne rai ya karɓi lada shi kaɗai. A ra'ayin mai wannan nazari, ba a banza ba ne mafi ƙarfin kariyar tashin jiki ta fito daga Liyon da Kartaj, garuruwan da aka zubar da jinin masu bi a bainar jama'a. A hannun waɗannan malamai aka matsa daga maganar tashin "matattu" zuwa tashin "nama", kalmar da ta shiga tsohuwar shahadar bangaskiya ta ikilisiyar Roma.

To, a nan ne tufka da warwarar ta bayyana. Marubutan wasiƙar Liyon sun yi imani toka ba ta gagari Allah ba, amma duk da haka sun ce suna cikin matsanancin baƙin ciki don ba su sami binne 'yan'uwansu ba. Kafin wannan, a Simirna (Izmir ta yau a Turkiyya), da aka ƙone bishop Folikaf a wajen shekarar 155, mabiyansa sun tsince ƙasusuwansa suka adana, suna ganin sun fi duwatsu masu daraja tsada, suka kuma ƙudura haɗuwa a wurin kowace shekara a ranar shahadarsa, wadda suka kira ranar haihuwarsa.

3.4 Makabartu da Ɗawainiya da Gawa

A ƙarni na farko al'adar Romawa ita ce ƙona gawa. Kiristoci kuwa, kamar Yahudawa, binnewa suke yi. Akwai masu cewa Kiristanci ne ya kawar da ƙona gawa a daular Rum, amma wannan zance yana da rauni, domin binciken kayan tarihi ya nuna Romawa da kansu sun fara komawa ga binnewa tun zamanin sarki Hadiriyan (117 – 138), lokacin da Kiristoci ba su da yawan da za su canja al'adar daula. Abin da ya bambanta Kiristoci shi ne ma'anar da suka ba binnewar da kuma wanda suke binnewa. Wurin da suke ajiye matattunsu sun kira shi da kalmar Girkanci "koimeteriyon", ma'ana ɗakin barci. Tatuliyan ya bayyana a shekarar 197 cewa ikilisiya tana da asusu da ake tara kuɗi wata-wata, kuma daga cikin ayyukansa akwai jana'izar matalauta. A birnin da talaka kan ƙare a ramin gayya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A farkon ƙarni na 3 bishop Zafirinus na Roma ya ɗora wani tsohon bawa mai suna Kalistus a kan makabartar ikilisiya da ke kan hanyar Afiya, bayan gari, tun da dokar Romawa ta hana binne gawa a cikin birni. Wannan makabarta ta ƙarƙashin ƙasa, irin wadda ake kira katakom, an haƙa ta ne a cikin dutse mai laushi, hawa-hawa, da lunguna masu tsawon kusan kilomita 20, da gurabe a jikin bango masu kama da lahadu. Kalistus ya zama bishop na Roma a shekarar 217, kuma har yau da sunansa ake kiran wurin. Zancen da ya yaɗu cewa Kiristoci sun riƙa zama a cikin katakom don ɓuya ba shi da tushe, domin hukuma ta san wuraren sarai. A shekarar 257 sarki Baleriyan ya hana taro a makabartu, a ranar 6 ga Agusta 258 kuma aka kama bishop Sistus na II a makabarta aka kashe shi.

Zane-zanen da ke jikin bangon katakom suna ba da haske a kan tunanin talakawan masu bi, waɗanda ba su bar littattafai ba. Abin da aka fi zanawa shi ne Yunusa yana fitowa daga cikin kifi, da Li'azaru yana fitowa daga kabari, da Daniyel a ramin zakuna, da makiyayi ɗauke da tunkiya. Hoton gicciyewa ko na azabar wuta kusan babu shi a wannan zamani.

Annobar da ta mamaye daular daga wajen shekarar 250 ta gwada wannan aƙida a aikace. Diyonisiyas, bishop na Iskandariya, ya rubuta cewa masu bi sun yi jinyar marasa lafiya, sun rufe idanun matattu, sun yi musu wanka da sutura, da yawa kuma suka kamu suka bi su. Sifiriyan na Kartaj ya yi wa jama'arsa nasiha da kada su sa baƙaƙen tufafi don waɗanda suka riga suka sa farare a can. Shekaru fiye da 100 bayan haka, sarki Juliyan (361 – 363), wanda ya bar Kiristanci ya yi ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumaka, ya rubuta wa wani babban limaminsa a Galatiya yana lissafa kula da kaburburan matattu cikin abubuwan da suka yaɗa addinin da yake ƙi.

3.5 Ina Mamaci Yake Kafin Ranar Tashi?

Da shekaru suka yi ta wucewa Almasihu bai dawo ba, sai tambayar Tasalonika ta sake salo. Idan jiki yana barci a kabari, rai fa? Mai karatu Bahaushe zai ga kusancin wannan da abin da ya sani da sunan barzahu. Tatuliyan ya ce rayuka duka suna jira a wani wuri na ƙarƙashi, nagari cikin sauƙi, mugaye cikin ƙunci, in ban da shahidai waɗanda su kaɗai ke shiga firdausi nan take. Shi ne kuma ya ambaci al'adar yin hadaya da addu'a domin mamaci a ranar zagayowar mutuwarsa.

Misali mafi taɓa zuciya shi ne na Farfetuwa, matashiya mai shekara 22 da aka kashe a Kartaj a shekarar 203. A cikin abin da ta rubuta a kurkuku, ta ga ƙanenta Dinokiratis, wanda ya rasu yana ɗan shekara bakwai da ciwo a fuska, yana cikin wuri mai duhu da ƙishirwa, ga kwatarniyar ruwa amma bakinta ya fi tsawonsa. Ta yi ta yi masa addu'a dare da rana, sai ta sake ganinsa fes, ciwon ya zama tabo, yana sha yana wasa. Ba malama ba ce, ba ta kuma kafa wata aƙida ba, amma wannan mafarki ya nuna masu bi sun riga sun ɗauka cewa addu'ar rayayye tana isa ga mamaci, tun kafin malamai su tsara bayanin.

A Iskandariya, Orijin (wajen 185 – 253) ya bi wata hanya. Ya lura cewa jiki kamar kogi yake, abin da ke cikinsa yana canjawa kullum, saboda haka abin da zai tashi shi ne siffar da ke riƙe da mutum, ba ainihin ƙwayoyin naman da aka binne ba. Wannan ra'ayi ya warware matsalar kifi da mai cin kifi cikin sauƙi, amma an ga ya yi kusa da na Aflatun, aka yi ta sukarsa har aka la'anci koyarwar da ake jingina masa a shekarar 543 da 553. Shahadar bangaskiya ta taron Nikiya (325) ta ambaci tashin Almasihu da dawowarsa don shari'a, amma sai a wadda ake dangantawa da taron Kustantiniya (381) aka ƙara jumlar sa ran tashin matattu da rayuwar zamani mai zuwa. Ko bayan haka gardamar ba ta mutu ba. Labarin samarin nan bakwai na Afisa, da aka ce sun yi barci a kogo tun zamanin sarki Disiyas (249 – 251) suka farka a zamanin Tiyodosiyas na II (408 – 450), an riƙa ba da shi ne a matsayin hujja a kan masu musun tashin jiki, kuma masana da dama suna alaƙanta shi da ƙissar As'habul Kahfi.

3.6 Agustin da Tambayar Folinus

Bayan da sarki Kustantin ya ba addinin 'yanci a shekarar 313, kaburburan shahidai suka zama cibiyoyin ibada. A kan makabartar tudun Batikan, inda ake ganin kabarin Bitrus yake, aka gina babbar majami'a. A shekarar 386 bishop Ambros na Milan ya tono ƙasusuwan shahidai biyu, Garbasiyas da Furotasiyas, ya shigar da su majami'a. Masu hali suka shiga rububin a binne su kusa da shahidi, da fatan maƙwabtakar za ta amfane su ran tashi.

Agustin ya san wannan al'amari ta gida. Mahaifiyarsa Monika ta daɗe da tanadar wa kanta kabari kusa da na mijinta a Afirka ta Arewa, amma da ajali ya riske ta a Ostiya ta Italiya a shekarar 387, sai ta ce wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina, su dai riƙa tuna ta a wurin sujada. Bayan da dakarun Alarik suka wawashe Roma a shekarar 410 aka bar gawawwaki da yawa ba sutura, Agustin ya fara littafinsa "Birnin Allah" a 413, ya kammala a 426. A kashi na 22 ya bi tambayoyin masu ba'a ɗaya bayan ɗaya. Ya karkata ga cewa kowa zai tashi da kamannin ɗan shekara 30 ko kusa da haka, mata za su tashi a matsayinsu na mata, gashi da farce da aka yanke za su koma cikin jiki kamar yadda magini ke sake cuɗa yumɓu ya gina tukunya, naman da wani ya ci kuwa za a mayar wa mai shi na asali kamar bashi. Tabon shahidai, a ganinsa, zai iya zama a jikinsu a matsayin ado.

A wajen shekarar 421 abokinsa Folinus, bishop na Nola, ya aiko masa da tambaya. Wata gwauruwa ta nemi a binne ɗanta kusa da kabarin waliyyi Filikis, an kuma yi mata. Shin hakan yana amfanin yaron? Agustin ya amsa da wata maƙala a kan kula da matattu. Ya ce jana'iza da kabari sun fi zama ta'aziyya ga rayayyu a kan taimako ga mamaci, kuma wurin binnewa ba ya amfani sai ta hanyar tunatar da dangi su yi addu'a. Hujjar da ya kawo ita ce shahidan Liyon: da rashin kabari yana cutar da mamaci, da Allah bai bari a watsa tokarsu a kogi ba. Sai dai bai yarda a wulaƙanta gawa ba, domin a cewarsa idan mutum yana girmama rigar mahaifinsa ko zobensa, to jikin da ya fi kowace riga kusanci da shi ya fi cancanta.

Jama'a sun karɓi rabin amsar ne kawai. Binnewa kusa da waliyyai ta ci gaba da ƙaruwa bayan rasuwar Agustin a shekarar 430, kuma a ƙarnonin da suka biyo baya kaburbura suka tsallako ganuwa suka shigo harabar majami'u a tsakiyar gari, abin da dokar Romawa ta hana tun wajen shekarar 450 kafin Miladiyya.